Yadda Magini Ya Ke Zama Gwani

Garin Rara yana cikin ƙasar Rabah, gabas da birnin Sakkwato, maƙwabciyar Wurno da Goronyo. Mutanen wannan yanki manoma ne, gero da dawa a tudu, shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama. Tun zamanin kakanni, in kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sai hankali ya koma wajen gini, gama rani shi ne lokacinsa. Kusan ko wane magidanci ya iya ta da katanga, ya iya ɗora jinka bisa ɗaki. Amma soro, wanda za a rufe da azara a zuba masa ƙasa a kai, wannan sai an kira magini. A cikin magina kuma ba kowa a ke sakar wa cikin ɗaki ba, watau ɗaurin rufi da zanen bango, sai wanda mutane suka yarda gwani ne.

A zamanin yanzu akwai sana'ar tsara cikin ɗaki da ƙawata shi, wadda a ke zuwa makaranta a koya, a ci jarrabawa, a karɓi takardar shaida. Mutane da yawa suna tsammani baƙuwa ce. Takardar shaidar dai baƙuwa ce, amma sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa, da malamanta, da matakanta, da jarrabawarta mai tsanani ƙwarai.

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ke shirya ƙasa bayan jihadi, ya kafa garuruwan ribaɗi don tare harin Gobirawa, ya zaunar da mutane a cikinsu. Wurno ita ce babbarsu. A can ya zauna a ƙarshen zamaninsa, a can ya rasu cikin 1837, kabarinsa ma yana can. Gari kuwa ba ya kafuwa sai da ganuwa da masallaci da gidan sarki. A cikin wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda a ke kira Usulus Siyasa, ya hori mai mulki ya kula da masu sana'a, ya rarraba su cikin garuruwa, ya gina birane masu ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Saboda haka tun farkon daular magini bai rasa aiki ba, bai kuma rasa daraja ba.

Cikin 1824 wani Bature mai suna Clapperton, wanda mutane suka sani da Abdullahi, ya sauka a Sakkwato. Waziri Giɗaɗo ne mai masaukinsa. Wata rana ya tafi kallon wani masallaci da Waziri ya ke ginawa. Ya iske ma'aikata, waɗansu suna ƙarasa rufi, waɗansu suna yi wa ginshiƙai ado. Babban maginin yana zaune wani wuri inda ya ke hangen kowa, ɗan ƙaramin mutum ne mai yawan dariya, da gani ka ga mai wayo. Ya gaya wa baƙon shi mutumin Zazzau ne, ubansa ya je Masar ya koyo wani abu na ginin mutanen can, da ya rasu ya bar masa takardunsa, daga cikinsu ya sami iliminsa. Sa'an nan ya nuna yana matuƙar son abu guda, watau wani ma'auni mai kamar rula, irin wanda masu jirgin ruwa su ke awo da lissafi da shi. Clapperton ya rubuta cewa daga baya ya aika da ma'aunin wurin Sarkin Musulmi.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan mutum a zuciyarsa. Ɗan gado ne, ya koyi aiki a hannun ubansa. Yana da takardu, ya san darajarsu. Da ya ga baƙo daga ƙasa mai nisa bai roƙe shi tufa ko kuɗi ba, abin awo ya nema. Hannu da takarda duk suna wurin mutum ɗaya a ran nan. Daga baya ne suka rabu.

Wanda ya san gine-ginen Kano da Zariya, in ya zo ƙasar Sakkwato zai ga adon tsofaffin sorayenta bai kai nasu yawa ba. Akwai dalili. A cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa halayen sarakunan da ya yi wa jihadi, ya ambaci zama cikin gidaje masu ƙawa da shimfiɗu masu taushi ba tare da kula da halal ko haram ba. 'Ya'yansa da almajiransa ba su so a gan su cikin abin da suka zargi waɗansu da shi. Sai bangon waje ya zama ba yawan zane, gwaninta ta koma ciki, wajen ɗaurin rufi da daidaita ɗaki, yadda mai shiga zai ji sanyi da natsuwa. Irin wannan ado ya fi wuya, domin babu launi mai yawa da zai rufe kuskure.

To, yaya a ke koyon aikin? Galibi gado ne. Wanda ya shigo daga waje, ba gidansu a ke yi ba, shi a ke kira ɗan haye, shi ma sai ya kwanta a hannun wani maigida kamar ɗa. Yaro yakan fara bin ubansa tun yana ƙarami, in an tashi daga makarantar allo. Aikinsa na fari ɗaukar ruwa. Daga nan a sa shi cikin kwaɓi, yana taka ƙasa, ana zuba ruwa, ana barbaɗa yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana, a sake takawa. A nan ƙafarsa ta ke sanin wace ƙasa ce mai danƙo, wace ce mai yashi, wace ce za ta tsage in ta bushe. Sa'an nan ya koyi curin tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. In ya yi ƙarfi sai a sa shi jifa. Magini yana zaune bisa katanga kamar mahayin doki, yaro yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa, shi kuwa yana cafewa. Yakan yi shekaru a kan wannan, idonsa yana sama, yana kallon hannun maigidansa. Ba a yi masa dogon bayani. In ya cika tambaya sai a ce ya buɗe ido.

Ran da aka ce ya hau katanga, ran nan ya fara zama magini. Sai ya koyi jera tubali a tsaye, da yin bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, da dakatawa bayan 'yan layuka har ginin ya sha iska. Awonsa da jikinsa ne, taƙi da kamu da gaba, sai igiya da turke. Da yawa a nan su ke tsayawa, su ci abinci da ginin katanga da yaɓe har tsufa, ba kuwa abin kunya ba ne.

Mai son wucewa gaba sai ya san azara. Azara giginya ce a ke tsagawa, an fi son namijin, don yana da ƙarfi, gara ba ta cinsa da sauƙi. Amma tana da iyaka. In an ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta haye fili da ya wuce kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwasa ba. Duk gwanintar cikin ɗakin Hausa daga wannan iyaka ta fito. Mai gida yana son zaure mai faɗi, azara kuwa gajera ce, to, ina dabara? Dabara ta fari ita ce tauyi, watau a fito da gajerun azara daga cikin bango, a ɗora dogaye a kansu. Ta biyu a kafa ginshiƙi a tsakiya. Ta uku, wadda ita ce sarauniyarsu, bakan gizo.

Ga yadda a ke yin baka. A kafa azara cikin bango ta wannan gefe, a kafa ta wancan, suna karkata zuwa ga juna. A ɗaure da igiya, a yaɓe, a jira ya bushe. Sa'an nan a ɗaura waɗansu bisa na farko, su ƙara miƙewa su ƙara karkata, a sake yaɓewa, a sake jira. Haka har hannayen nan biyu su gamu a sama. Babu wani katako da a ke tokarawa daga ƙasa ya nuna wa magini siffar da zai bi, idonsa ne kaɗai. In bakuna suka ratsa juna suka raba rufin gida gida, aka rufe ko wane gida da gajerun azara, shi ne ɗaurin guga, daga waje a ga tulluwa. Akwai ɗauri iri iri, ko wane da sunansa, kamar ƙafar kaza da kafin laima. Mai shiga ya ɗaga kai ya ga ado, alhali kuwa abin da ya ke gani shi ne ƙashin da ya ke riƙe da rufin. Shi ya sa a da ba a raba mai adon ɗaki da magini ba. Wanda bai san nauyi ba, ba a ba shi ado.

Zanen bango shi ne na ƙarshe. A kan ɗanyen yaɓe a ke yinsa, da yatsu da tafin hannu, wani wuri a ƙara ƙasa ya taso, wani wuri a ƙwaƙule. Tilas a gama kafin yaɓen ya bushe, saboda haka siffar duka sai ta zauna a kan magini tun bai taɓa bango ba. Siffofin kuwa 'yan'uwan na wuyan riga ne, da na dukawa, da na zayyanar allo. Mafi shahara shi ne dagi, wanda ba a gane farkonsa ba a gane ƙarshensa, wanda daga baya Jihar Arewa ta ɗauka ya zama alamarta. Launi farar ƙasa ce da jar ƙasa da baƙi da shuni. Wani ya kafa tasa mai ƙyalli a cibiyar ɗaurin guga. Sa'an nan magini ya san haɗin shafe: makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don hana ruwa shiga. Watau maginin kirki sai ya yi abota da marina da majema, ƙasar Sakkwato kuwa ƙasar jima ce.

Ba a tara jama'a a ce yau wane ya sauke gini. Damina ce mai jarrabawa. In ruwa ya sauka wata uku, soro bai yi yoyo ba, baka bai tsage ba, indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango, sai a fara cewa yaron nan ya iya. Wanda rufinsa ya faɗa wa iyalin mutum kuwa, ya fita sana'a ke nan, ko da ba wanda ya kore shi. Sunan gwani a bakin mutane ya ke fitowa, musamman bakin sauran magina, waɗanda ba su da saurin yabo. Wanda ya yi karatun allo ya san irin wannan. Kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, har a kai alaramma da gwani, kuma ba mai kiran kansa gwanin Alƙur'ani sai mahaddata sun zauna sun bi karatunsa da rubutunsa sun rasa inda za su kama shi. Sunan ɗaya ne, hanyar samunsa ma kusan ɗaya ce.

A manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda Sarki ya ke naɗawa. Shi ke tara magina in za a gyara ganuwa ko fada ko masallaci, shi ke raba aiki, shi ke sulhu in magini ya saɓa da mai gida. In ya ce wane ya isa a ba shi zauren Sarki, to, wannan ita ce takardar shaida mafi girma a lokacin.

Duk cikin maginan ƙasar Hausa babu wanda sunansa ya kai na Malam Mika'ilu, wanda a ke kira Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Waɗansu masu binciken tarihi suna zaton shi ne mutumin nan mai dariya da Clapperton ya gani a Sakkwato. Masana gini daga ƙasashe da yawa sun zo sun duba cikin masallacin nan, yadda bakuna su ke tashi daga ginshiƙai su watsu kamar rassan itace, da zane mai zurfi a jikin ginshiƙan, ba yawa, ba cunkoso. A Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi akwai gidan Madaki da aka gina cikin 1860, shi ma ana danganta shi ga Babban Gwani, mutanen can suna kiran maginin Muhammadu Durugu. Mutane suna ba da labari wai da dare ya ke aiki, aljannu suna taya shi, wai kuma wani sarki ya kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Wannan zancen mutane ne. Abin da ya ke nunawa shi ne, aikin ya fi ƙarfin hankalin masu kallo, kuma magina suna ɓoye asirin sana'arsu, ba su faɗa wa kowa sai ɗa ko amintaccen bara. Ɓoyon nan ya kare abincinsu shekaru da yawa. Shi ne kuma ya cuce su daga baya, gama abin da ba a rubuta ba, in mai shi ya mutu ba magaji, ya tafi ke nan.

In magini ya sauka, ɗakin bai gama zama ɗaki ba tukuna, saura aikin mata. Su ke yin daɓe, su taru da maɗabai suna bugun tsakuwa suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi. Su ke kuma yin jere ran da za a kai amarya. Da ƙorai a ke yi da tasoshin tagulla, daga baya kwanoni da langa da fanteka masu fure suka shigo daga Turai da Hong Kong, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi yana bin launi. Daga baya kuma gadon ƙarfe ya zo, kabad mai gilashi ta zo. A ko wace dangi akwai gwaggo ko inna wadda ba a fara jere sai ta iso. Ba wanda ya naɗa ta. Tun tana yarinya ta ke miƙa kwano ana jerawa, kamar yadda ɗan magini ya ke jefa tubali.

Da Turawa suka ci ƙasa cikin 1903 ba su kori magina nan da nan ba, gama ba su da abin da za su sa a madadinsu. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen sana'a, inda a ke koyar da kafinta da ƙira da dukanci da saƙa. Ofisoshin En'e da kotunan alƙalai da makarantu da yawa da tubali aka gina su. Kwalejin Katsina ma, wadda aka buɗe cikin 1922, ginin ƙasa ce, a cikinta Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931.

Abu biyu suka canja al'amarin, siminti da takardar albashi. Siminti da kwanon rufi ba su bukatar yaɓe ko wace shekara, kwano kuma yana haye faɗin da azara ba ta iyawa, sai bukatar baka ta ragu. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina, kusa da Sakkwato, cikin 1962, ya fara aiki cikin 1967. Mai kuɗi ya koma bulo, ginin ƙasa ya zama alamar rashi, ko da ya ke ɗakin kwano da bazara tanda ne, soro kuwa sanyi gare shi. Ita kuma takardar albashi ta Gwamnati ba ta da gurbin gwani. Tana da birkila da kafinta da mai fenti, ko wane da darajarsa bisa ga jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daraja ta 3 da ta 2 da ta 1, sa'an nan tana da lebura. Dattijon da ya iya ɗaurin guga, in bai riƙe takardar jarrabawar nan ba, akawu ba shi da layin da zai rubuta shi sai na ƙasa. Ɗansa yana gani. Ba abin mamaki ba ne da ɗan ya zaɓi cokalin birkila.

Ilimin takarda shi ma ya kafa nasa gida. An fara koyar da zanen gini a Ibadan cikin 1952, aka mai da makarantar Zariya cikin 1955, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa cikin 1962. Cikin 1969 aka yi dokar da ta kafa hukumar rajistar masu zanen gini, wadda a ke kira ARCON. Mai son sunansa ya shiga littafinta sai ya yi digiri na fari shekara 4, na biyu shekara 2, ya yi aiki a ƙarƙashin wani mai rajista, sa'an nan ya ci jarrabawa. Akwai kuma hanyar kwalejin fasaha, difloma ta fari shekara 2, aikin gwaji shekara 1, babbar difloma shekara 2, a ƙarƙashin hukumar NBTE da aka kafa cikin 1977, mai hedkwata a Kaduna. Masu tsara cikin ɗaki su kaɗai sun kafa ƙungiyarsu cikin 2007, sunanta a taƙaice IDAN, ba idan ta Hausa ba. Wadda ta kafa ta, Titi Ogufere, ta taɓa shugabantar ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, ta hau cikin 2020. Kada a ce Nijeriya ta makara ƙwarai. A Amurka ma sai wajen 1906 aka fara koyar da adon ɗaki a makaranta, a birnin New York, jarrabawar shaidar ƙwarewa kuwa sai 1974 aka kafa hukumarta. Kafin nan kafintoci da masu sayar da kujeru da labule ke yi.

Waɗansu masu ilimin takarda sun gane abin da a ke hasara. Wani mutumin ƙasar Polan mai suna Dmochowski ya fara yawon auna tsofaffin gine-ginen Nijeriya cikin 1958, ya zana su a takarda, ya sa aka gina kwafin waɗansu a gidan tarihi na Jos, har da Masallacin Zariya. Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da manyan magina ya ji daga bakinsu yadda su ke gane kyau da muni a gini, ya rubuta littafin digirinsa a kan wannan cikin 1981. Amma zane a takarda ba ya yaɓe bango. Masallacin Zariya kansa an kewaye shi da ginin siminti cikin shekarun 1970, ran 11 ga Agusta 2023 kuma wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasu.

A hayin iyaka, arewa da Sakkwato, cikin ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, akwai wani gari mai suna Yama. Cikin 1962 mutanen garin suka yi shawarar gina Masallacin Jumma'a, suka ba wani manomi magini, Falke Barmu, aikin. Kowa ya kawo abin da ya ke iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Daga 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya ta da hasumiya 4, ko wace da siffarta, aka gama cikin 1982. Cikin 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda tana cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Alƙalan kyautar masu manyan digirori ne, wanda suka yaba kuwa a bisa katanga ya yi karatunsa. A Dandaji, cikin wannan yanki, wata 'yar Nijar mai zanen gini, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta yi karatu a Amurka, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da a ke matsewa da inji. An gama cikin 2018. Da za su taɓa tsohon ginin sai suka nemo maginan da suka yi shi tun fari, aka yi aikin tare.

Yaron Rara ko Wurno ko Goronyo da Allah ya ba ido da hannu, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko ya bi makaranta har jami'a ko kwalejin fasaha, ya koyi zane da kwamfuta, da lissafin haske da iska da kuɗin kaya. Ko kuwa ya tafi birni ya kwanta a hannun mai fenti, ko mai tayil, ko mai silin na farin gari wanda a ke kira POP, inda zai iske da yawa cikin ƙwararrun mutanen Togo ne da Jamhuriyar Benin. A can ma da ɗaukar ruwa da kwaɓi zai fara, kamar kakansa. Hukumar NBTE tana da wani tsari wanda mai sana'ar da ya koya a hannun maigida zai nemi a zo a duba aikinsa a inda ya ke yi, in ya isa a ba shi takardar shaida, ko da bai zauna a aji ba. Mai fenti da mai tayil ba su rasa wanda zai duba su. Mai bakan gizo kuwa, kafin a jarraba shi sai an nemo wanda ya iya duban baka ya ce wannan zai ɗauki damina, wancan ba zai ɗauka ba, irin waɗannan kuwa yawancinsu dattawa ne da suka daina hawa katanga.